Mutumin da Ya Ɓoye Wayar Auta

A layin masu gyaran lantarki da ke bayan tashar mota, babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Ba-a-gani ake ce masa, kuma daga bakinsa sunan ya fito. Duk gidan da ya gama aiki, sai ya ja da baya ya tsaya a bakin ƙofar falo, ya goya hannu, ya tambayi mai gida, "Ina wayar?" In mai gida ya duba sama ya duba ƙasa ya rasa, sai ya gyaɗa kai ya ce, "To, haka ake so. Ba a gani."

Gajere ne, ya doshi sittin. Gwiwoyin wandonsa kullum sun fi sauran wandon tsufa, domin rabin rayuwarsa a durƙushe ya yi ta. Yana maƙale fensir a bayan kunnen hagu, wanda ba ya ji da shi tun wani zazzaɓi da ya yi yana saurayi. In za ka yi masa magana sai ya juyo maka da ɓarin dama, kamar mai shirin tafiya.

Mahaifinsa tela ne. Tun yana ƙarami aka ba shi kalmasar bakin riga da hannu, aikin da ake ba wanda ba a yarda ya hau keken ɗinki ba tukuna. Ya ce in ya gama, tsohon zai ɗaga rigar ya haska ta a bakin taga. In ya hango zare ko ɗaya, ba ya faɗa, ba ya duka, sai ya miƙo masa reza ya ci gaba da abin da yake yi. Shekara shida ya yi yana farkewa yana sakewa. Bai zama tela ba. Ya ce ƙafarsa ta ƙi keke, hannunsa kuma ya fi son sukundireba. Ya koma gyaran rediyo, ya yi shekara ashirin da wani abu a kai, har lokacin da mutane suka daina kawo gyara suka koma sayen sabo. Shagon ya yi shiru. Sai kuma aka shiga yayin sayen rediyo mai lasifika huɗu ko biyar, kowace a kusurwarta, wayoyi kuma shimfiɗe a tsakiyar falo kamar igiyar shanya ta tsinke. Wata rana wani ya kira shi ya haɗa masa irin wannan. Ya haɗa, sauti ya fito, mai gida ya yi murna, shi kuwa ya kasa tafiya. Ya roƙi a bar shi ya dawo gobe ya gyara wayoyin. A gindin bangon wannan gida ya sake samun kalmasar mahaifinsa.

Yana da tsarinsa, ba ya kuma sauya shi don kowa. Ba ya fara aiki da guduma. Sai ya zagaye ɗakin da rarrafe tukuna, yana ƙwanƙwasa katakon da ke bin gindin bango da bayan yatsa, yana neman inda yake da rami da inda ya manne da siminti. Waya ba ta ratsa tsakar ɗaki a aikinsa. In ta iso ƙofa sai ya hau da ita ta bi jikin katakon ƙofar, ta zagayo ta sauko ta ɗaya gefen, ko da hakan zai ci ninkin tsawon. Yana kwantar da ita cikin siririn bututun roba mai murfi, ya manne shi a saman katakon, ya yanka kwanarsa a karkace yadda baki biyu za su haɗu ba tsaga, sannan ya bi da fenti kalar bangon. Ba ya yarda wayar lasifika ta kusanci ta wuta da ƙasa da tafin hannu, ya ce in sun yi maƙwabtaka sai ka ji sauti yana gurnani. Tunda kunne ɗaya gare shi, ba ya dogara da ji. Ƙaramin batir yake taɓawa a bakin waya, ya sa ido a fuskar lasifikar: in ta turo waje, haɗin daidai ne, in ta shige ciki, an juya. Kuma ba ya zubar da ƙusa. Duk wadda ya cire a gidan mutane, cikin wani gwangwanin madara take faɗawa. In ya koma shago ya miƙar da ita a kan guntun ƙarfe, gobe ta shiga bangon wani.

Na san shi ne ta dalilin wayar falonmu.

'Ya'yanmu uku, Auta ce ƙarama. Da ta gama karatu ta fara aiki, abu na farko da ta shigo da shi gidan shi ne rediyo mai lasifika huɗu. Na ce a kira mai gyara, ta ce ita ce mai gyaran. Ranar wata Asabar ta ɗauki gudumata da ledar ƙananan ƙusoshin nan masu farar roba a ka, waɗanda ke rungumar waya su manne ta da bango, ta durƙusa. Tun safe har bayan azahar muna jin bugu da tsaki.

Ni safiyo ne. Shekara talatin da ɗaya na yi ina auna filaye, idona ba ya iya wuce karkataccen layi bai tsaya ba. Layin Auta kuwa hawa yake yana sauka a saman katakon. A wani wurin ƙusoshi biyu sun kusa taɓa juna, a wani wurin sai ka yi taku guda ba ka ga ko ɗaya ba. Na ɗauko tef na auna. A inda ya fi muni, ya kauce da santimita huɗu.

Na ce, "Auta, wannan layi ne ko sawun maciji?"

Ta ce, "Baba, ka rufe ido ka saurara mana. Ai ba don ido aka sayo ta ba."

"Idon fa a gidan yake kwana."

"To ka ba shi haƙuri. In na samu hutu zan sake."

Mahaifiyarta tana daga ƙofar kicin tana dariya, ta ce, "Ka bar min yarinya ta huta. Kai da ka iya, shekara nawa ƙofar banɗaki tana kuka ba ka taɓa ta ba?"

Bayan wata biyar Auta ta kwanta ciwo. Kwana goma sha ɗaya ta yi. Shekararta ashirin da huɗu. Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Ba a sake kunna rediyon ba. Wayar ta zauna a inda take shekara ɗaya da wata biyu. A bakin ƙofar kicin, inda Auta ta ratsa da ita ta ƙasa maimakon ta zagaya, ƙusoshi uku suka saki, wayar ta ɗan tashi. Wata safiya ta harɗe ƙafar Maman Auta tana ɗauke da butar ruwan zafi. Allah ya tsare, ruwan a ƙasa ya zube. Na ce dole a gyara wannan. Ta mayar da wayar jikin bango da yatsan ƙafa, ta ce, "Bar ta." Ba ta ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Da babbar 'yarmu ta haihu, Maman Auta ta tafi wurinta za ta yi mako biyu. A kwana na uku na je layin masu gyara na tambayi wanda ya fi kowa iya ɓoye waya. Mutum uku na tambaya, duk suka nuna mini shago ɗaya. Dalilin da na shirya faɗa in an tambaye ni shi ne butar ruwan zafi, kuma dalili ne na gaskiya. Amma akwai wani. Duk lokacin da na zauna a falon, idona sai ya tafi wurin santimita huɗun nan, in tuna cewa abin da na ce mata a kan aikinta ke nan, ban kuma ce komai bayansa ba. Na gaji da kallonsa.

Ba-a-gani ya zo da hantsi, da jakarsa da damin bututun roba a kafaɗa. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya fara zagayensa. Bai kai rabin bango ba ya fara dariya ƙasa-ƙasa.

"Yallaɓai, wanda ya yi maka wannan aikin, ido a rufe ya yi shi, ko dai kun yi faɗa ne?"

Na ce, "Wani ne a gida."

"Ai na gani. Mai sana'a ba zai yi haka ya kwana lafiya ba. Kuma bahago ne. Dubi yadda ƙusoshin suka kwanta duk gefe ɗaya. Nan ya bugi katako, nan ya bugi bango, nan kuma ina jin yatsansa ya buga, don ya yi fushi ya tsallake wuri mai nisa." Ya ɗago yana murmushi. "In ya dawo ka ce masa na gaishe shi, amma ya riƙe aikinsa na ofis da kyau."

Auta bahaguwa ce. Ta kuma bugi yatsanta a daidai wurin da ya nuna, na tuna ihun. A nan ya kamata in yi magana. Kalma biyar ta isa. Maimakon haka sai na yi wani ɗan sauti mai kama da dariya, na ce zan zauna a baranda in yana bukatar wani abu.

Daga baranda ana jin komai. Filaya ta kama, ƙusa ta yi ɗan ƙara ta fito, sannan ta faɗa gwangwani. Ban yi niyyar ƙirgawa ba, amma sana'a ba ta sakin mutum. Arba'in da uku.

Kafin la'asar ya kira ni. Ya toshe kowane rami, ya goge, ya haɗa fenti har ya dace da tsohon bangon da ya ɗan koɗe. A ƙofar kicin wayar ta hau ta zagaya ta sauko, ƙasa fes. Ya ja da baya, ya goya hannu.

"Ina wayar?"

Na duba da idon safiyo, na bi bango huɗu. Na ce, "Ba a gani."

Ya ji daɗi na riga shi faɗa. Ya tattara kayansa, ya share ƙurar da ya tayar, ya tafi da gwangwaninsa yana kaɗawa a jaka. Na zauna a kujerata. Karo na farko cikin wata goma sha huɗu idona bai sami abin kamawa ba. Sauƙin da na ji bai wuce minti goma ba.

Maman Auta ta dawo ranar Laraba da rana. Ta shigo da sallama tana ba ni labarin jaririn, wai hancinsa irin nawa ne, Allah ya sa ya tsaya nan. Ta ajiye jaka. Sai maganar ta yanke a tsakiya. Ta bi bangon da kallo, ta taka a hankali har ƙofar kicin, ta durƙusa ta shafa saman katakon da tafin hannu, ta sake shafawa.

"Ina take?"

"Tana ciki. An rufe ta ne kawai."

"Ƙusoshin fa?"

Na kalli inda ramukansu suke a da.

"Wa ya ce ka taɓa?"

"Ƙafarki, ranar nan da ruwan zafi…"

"Ƙafata ce. Na kawo maka ƙara?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙe, ta ɗauki jakarta, ta fita ta ƙofar gaba, ta zagaya gidan ta shiga ta baya. Daga ranar ba ta sake taka falon ba. In za ta kicin daga ɗaki, sai ta fita ta zagaya, ko ana rana ko ana ruwa. Abinci yana zuwa a kan lokaci. In na gaishe ta tana amsawa. Shekara talatin da huɗu muna tare, mun yi faɗa iri-iri, amma ban taɓa ganin wannan ba, domin babu faɗa a cikinsa.

A kwana na tara ɗanmu na tsakiya ya kira ni a waya. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Baba, me ya faru a gidan? Mama ta ce in zo ranar Asabar in kai ta wurin Yaya. Na ce ai jiya-jiya ta dawo. Ta ce wannan karon da akwatinta babba za ta tafi."

"Ta ce yaushe za ta dawo?"

"Na tambaya. Ta ce in ta ga abin da za ta dawo ta tarar."

Ranar Alhamis ce. Washegari da safe na koma layin masu gyara.

Na same shi a bakin shago yana miƙar da ƙusoshi a kan guntun ƙarfensa. Maƙwabcinsa, wani dogon mai gyaran agogo da suka shekara ashirin suna tsokanar juna, shi ya fara hango ni.

"Ba-a-gani, ga wani ya zo ƙara! Na faɗa maka wata rana za ka ɓoye wa mutum waya har wutar gidansa ta ɓace."

"Kai dai ji da agogon mutane da ka tsayar tun bara. Sannu da zuwa, Yallaɓai. Wani wuri ya ɗaga ne?"

Na ce babu inda ya ɗaga. Na ce ƙusoshin da ya cire a gidana nake so.

Ya dube ni, ya juyo da kunnen dama sosai ko bai ji daidai ba. Na maimaita. Mai agogo ya ce, "Yallaɓai, in ƙusa kake so ai sai a ba ka sababbi, wannan tsohon marowaci ne, ƙusa ɗaya sai ta yi gida biyar a hannunsa." Ba-a-gani ya jawo gwangwanin ya juye a kan tebur. Sun fi ɗari uku. Duk farare, duk girma ɗaya, duk a miƙe. Ya ce tun bayan gidana ya yi aiki a gida huɗu da wani shagon aski, kuma daga cikin nan yake ɗiba.

Na tsaya ina kallon tarin. Sannan na faɗa masa wanda ya buga su, da abin da ya same ta, da abin da ke shirin faruwa ranar Asabar. A tsaye na faɗa, a gajarce.

Mai agogo ya cire gilashin da ke idonsa ya koma cikin shagonsa. Ba-a-gani ya zare fensirin daga bayan kunne, ya juya shi a hannu, ya mayar. Ya yi mini ta'aziyya yadda ake yi, cikakkiya, bai gajarta ba. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Kuma ka bar ni ina ta zuba a kanta."

"Na bar ka."

"Har da cewa ta riƙe aikin ofis."

"Har da shi."

"Ba ka kyauta mini ba, Yallaɓai."

Na ce haka ne. Ya fara mayar da ƙusoshin gwangwani ɗaya-ɗaya, yana duba kowace kamar za ta yi magana. Na tambaye shi 'ya'yansa nawa, don dai in ce wani abu. Ya ce bakwai. Ya ƙara da cewa, "Duk suna nan," a hankali, kamar mai amsa laifi.

Sai na faɗi abin da ya kawo ni na biyu. Na ce ina riƙe da layin a kaina, na san inda ya hau da inda ya sauka, zan iya zana masa a takarda da awonsa. Na roƙe shi ya cire bututun, ya mayar da wayar a karkace yadda take.

Ya girgiza kai. "Hannuna ba zai yarda ba. Ko na tilasta masa, karkatar tawa za ta fito a tsare, kowace da 'yar'uwarta. Ita kuma uwa ce. Daga bakin ƙofa za ta gane, ka ga mun yi mata ɓarna biyu." Ya rufe gwangwanin. Har na juya zan tafi ya ce, "Tsaya. Ita ce ta ɗiga jan farcen nan?"

Ban san abin da yake nufi ba, na kuma faɗa masa. Bai yi bayani ba. Ya ɗauki jakarsa ya leƙa shagon maƙwabcinsa ya ce, "Dogo, ka duba min wuri." Daga ciki aka ce, "Je ka."

Mun tarar da Maman Auta a bayan gida tana kwashe shanya. Babban akwatin yana buɗe a bakin ƙofar ɗaki. Ba-a-gani ya yi sallama daga nesa, ya cire takalmi duk da a waje muke, ya durƙusa.

"Mama, ni ne na yi ɓarnar. Ban sani ba. Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙuri."

Ta amsa addu'ar. Ta ce, "Kai aikinka ka yi, Malam. Ba kai ka san gidan ba." Ba ta dube ni ba.

"Akwai abin da nake so ki gani a falo."

"Na ga falon."

"Wannan ba ki gan shi ba. Shi ma Yallaɓai bai gani ba. Ni kaɗai na gani, kuma bai kamata ya tsaya a wurina ba."

Ta ci gaba da ninke zani. Bai sake roƙo ba. Ya tashi ya zagaya ya shiga falon, na bi shi. Ya durƙusa a bangon da ke kusa da ƙofar kicin, ya sa bakin sukundireba a ƙarƙashin murfin da ya yi wa fenti da hannunsa, ya ɗan yi jim, sannan ya ɓalle shi. Fentin ya tsage. Ya zare murfin tun daga ƙofa har kusurwa, ya ajiye, ya zauna a kan dugadugansa ya jira. Mun yi kusan minti goma sha biyar a haka. Sai muka ji an buɗe ƙofar kicin ta ciki. Ta tsaya a bakin ƙofar, ƙafarta ba ta ƙetare ba.

Wayar Auta ce a ciki, ba sabuwa ba. Irin mai tagwayen jijiya ce, kuma a jikin jijiya ɗaya, ta gefen da ke kallon bango a da, akwai ɗigon ja, bayan kamu guda wani ɗigon, haka har ƙarshe. A tsakiya akwai haɗi da aka naɗe da baƙin salatif, inda wayar ta gaza ta ƙara wata.

Ya yi bayani yana kallon bango. Ya ce ya zo da sabuwar waya a ranar, domin shi ba ya rufe haɗin wani a cikin aikinsa, in ya saki sunansa ne zai ɓaci. Amma da ya kama haɗin nan da hannu biyu ya ja, bai motsa ba. Ya taɓa batir a lasifika huɗun, duk suka turo waje, babu wadda aka juya. Sannan ya ga ɗigon, ya gane alama ce aka yi don kada jijiyoyin su rikice a hanya. "Masu shago a layinmu da yawa ba sa wannan. Na ce a raina, wanda ya buga ƙusar nan bai iya guduma ba, amma kansa yana aiki. Shi ya sa ban yanke ba. Abin da zai zagaye ƙofa kawai na ƙara, na mayar da sauran sabuwar wayar cikin jaka."

Maman Auta ta ƙetaro. Ta durƙusa a gefensa ta kai fuska kusa.

"Na yayarta ne," ta ce. "Jan farcen. Sun yi kwana biyu ba sa magana a kansa. Ta rantse ba ta gan shi ba." Wani sauti ya fito mata wanda ya fara kamar dariya. Ta toshe baki da gefen mayafi.

Kusa da haɗin akwai ɗigo ɗaya da ya shafe, an taɓa shi kafin ya bushe. Ba zan ce zanen yatsa ba ne. Na duba daga baya da gilashin ƙara girma, ba a iya tantance komai. Shafa ce kawai. A kanta ta ɗora yatsa.

Da ta ɗago ta ce, "Kada a rufe."

Ba-a-gani ya juyo da kunnen dama. "Na'am?"

"A cire sauran ma. Duk zagayen."

"Mama, ƙura za ta cika shi. Tsintsiya za ta riƙa kama wayar, wata rana ta fizge haɗin. Kuma duk wanda ya shigo, nan idonsa zai fara sauka."

"Shi nake so."

Ya dube ni. Na kawar da kai, domin ba ni da bakin magana a wannan ɗakin. Sai ya koma ciniki da ita, a hankali, kamar mai sayen abin da ya fi ƙarfinsa. Ya ce a bar tafin hannu ɗaya a buɗe, a kan haɗin. Ta ce bango guda. Ya ce kamu ɗaya. Ta ce tana son ganin ɗigo uku ba tare da ta matsa ba. Ya auna da tef: mita ɗaya da santimita goma. Ya yanke murfin a wuri biyu, ya goge bakin kowane yanka da ƙaramar zarto har ya yi santsi don kada ya yanki yatsa, ya mayar da sauran, ya bi tsagewar da fenti. Ya sa ɗan manne a bayan haɗin don tsintsiya.

Da ya gama ya miƙe, ƙafafunsa suka kai shi bakin ƙofa da kansu. Ya goya hannu. Na ga bakinsa ya buɗe, sannan ya rufe. Ya sunkuya ya ɗauki jakarsa.

Na raka shi har titi. Ya ce, "Yallaɓai, alfarma ɗaya. In baƙo ya tambayi wanda ya yi aikin falon nan, kada ka ce ni ne." Na yi masa alkawari, shi ya sa babu sunansa a nan.

Ranar Asabar ɗanmu ya zo da mota. Ta ce masa ya ci abinci ya koma, tafiyar ba yanzu ba. Akwatin bai koma saman kabad ba, yana bayan ƙofa har yau, rabinsa da kaya. Takan shiga falon da safe in ta gama shara, ta zauna a ƙasa kusa da ƙofar kicin da ɗan tsumma. Wata safiya ina kujerata, ba ta juyo ba ta ce, "Arba'in da uku ne."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Yaushe ka ƙirga?"

"Ranar da ake cire su."

"Ni kullum nake ƙirgawa," ta ce, ta ci gaba da goge wayar. Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma tambaya ba.

Ba-a-gani yana nan a shagonsa. Mai agogo ya gaya mini yanzu ba ya kama filaya sai ya tambayi mai gida wa ya yi aikin farko, kuma ina yake. Ƙusoshin da ya cire kuma ba sa shiga gwangwani. Yakan ƙulle su a takarda ya ajiye a bakin taga kafin ya fita. Yawancin masu gida shara suke zubawa, wasu ma sukan yi masa tsiya, wai tsufa ya fara taɓa shi. Gwangwanin yana kan kanta, ya daina ɗiba daga ciki, bai kuma zubar ba.

Na haɗu da shi sau ɗaya a bakin tasha, da damin bututu a kafaɗa. Ya gaishe ni, ya tambayi jikin Mama. Har ya wuce ya dawo.

"Ana dai goge ƙurar?"

"Kullum."

"Haɗin bai motsa ba?"

"Bai motsa ba. Ka biyo wata rana ka duba."

Ya gyara damin a kafaɗarsa. "A'a," ya ce. "In na gani hannuna zai so ya rufe."